Karatu da Ladabi Kafin Wasa: Darasi daga 'Yan Wasan Lakuros na Amurka

Jawabin da aka gabatar a wurin taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan matasa da wasanni da karatu, batun da ke damun kowane uba a cikinmu. Na zaɓi in ɗauko misali daga nesa, wato daga wani wasa da ake kira lakuros, wanda yara maza da mata ke yi a makarantun Amurka da Kanada. Dalilin zaɓin shi ne, a can an daɗe da ɗaure wasa da karatu da ɗa'a da igiya ɗaya, har ta kai yaro ba ya shiga fili sai makaranta ta tabbatar yana cin darussansa, kuma halinsa ya kyautu. Zan bayyana yadda wasan yake, da sharuɗɗan karatu da na ladabi da aka gindaya wa masu yin sa, sannan in rufe da abin da nake ganin za mu iya ɗauka.

Asalin wasan da yadda ake yin sa

Lakuros wasa ne da ake yi da sanda mai 'yar raga a bakinta, kamar komar masunta. Da ita ake cafe wata ƙaramar ƙwallon roba mai tauri, a ruga da ita, a miƙa wa abokin wasa, har a jefa ta cikin ragar abokan karawa. A wasan maza na fili, kowane ɓangare na da mutum 10, kuma suna sanya hular kwano da safar hannu mai kauri saboda ana haɗa jiki.

Wasan ya samo asali ne daga mutanen da Turawa suka tarar a Arewacin Amurka, musamman ƙabilun Haudenosaunee, waɗanda Turawa ke kira Iroquois. Su a wurinsu abu ne mai alfarma, suna ɗaukarsa kyauta daga Mahalicci, suna kuma yin sa domin neman waraka da sasanta husuma. Wani ɗan mishan Bafaranshe mai suna Jean de Brébeuf ya yi rubutu a kansa tun a shekarun 1630. A shekarar 1867 wani likitan haƙori a birnin Montreal, William George Beers, ya tsara masa dokoki irin na zamani. An yi shi a gasar Olamfik ta 1904 da ta 1908, kuma a shekarar 2023 aka amince ya dawo a gasar birnin Los Angeles ta 2028. A shekarar 1994 majalisar dokokin Kanada ta ayyana shi a matsayin wasan ƙasa na lokacin zafi. A nahiyarmu ta Afirka, Yuganda ce ta fara zuwa gasarsa ta duniya a shekarar 2014.

Sharaɗin karatu

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, a makarantun sakandare na Amurka ƙungiyar wasa mallakar makaranta ce. Saboda haka mabuɗin fili yana hannun shugaban makaranta, kuma kowace jiha tana da hukumar da ke shimfiɗa ƙa'idojin cancanta ga duk ɗalibin da ke son wakiltar makarantarsa, ko a lakuros ko a wani wasan.

Alal misali, a jihar Pennsylvania dole ne ɗalibi ya kasance yana cin aƙalla cikakkun darussa 4, kuma kowace ranar Juma'a ake duba sakamakonsa. Wanda aka samu ya gaza, ba zai buga wasa ba daga Lahadin da ke biye har zuwa Asabar. Haka kuma, ɗalibin da ya yi fashin makaranta na kwana 20 ko fiye a zango ɗaya, sai ya halarci makaranta na kwana 45 kafin a sake barinsa ya shiga gasa. A jihar Kalifoniya kuwa, ana buƙatar matsakaicin maki 2.0 a ma'aunin da ƙololuwarsa 4.0 ce. Jihohi da dama sun kuma sanya iyakar shekaru, ta yadda wanda ya cika shekara 19 kafin wata rana da aka ƙayyade ba zai yi gasa da ƙannensa ba.

Wannan tsari bai zo cikin sauƙi ba. Shahararriyar dokar da ta yi fice a kansa ita ce ta jihar Texas ta shekarar 1984, wadda ta biyo bayan aikin wani kwamitin gyaran ilimi a ƙarƙashin attajirin nan Ross Perot. Dokar ta tanadi cewa duk ɗalibin da ya samu ƙasa da maki 70 cikin 100 a darasi ko da guda ɗaya, za a dakatar da shi daga wasanni da sauran harkokin bayan aji na mako 6. Wasu iyaye suka garzaya kotu, amma a shekarar 1985 Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da dokar, bisa hujjar cewa shiga wasannin makaranta ba ya cikin haƙƙoƙin asali da tsarin mulki ya ba ɗalibi. Ma'ana, wasa alfarma ce da ake samu da sharaɗi. Duk da haka, masu suka sun yi ta nuna cewa mako 6 ya yi yawa, domin yaron da aka raba da abokansa tsawon wannan lokaci yana iya yanke ƙauna ya bar makarantar gaba ɗaya. A shekarar 1995 aka rage wa'adin zuwa mako 3, aka kuma yarda wanda aka dakatar ya ci gaba da zuwa atisaye. Ina roƙon jama'a su riƙe wannan gyara, domin zan dawo kansa.

Idan yaro ya kammala sakandare yana son ya yi wasa a jami'a, sai ya tarar da wata ƙofar. Hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta fara aiki da ƙa'idar cancanta mai tsauri a shekarar 1986. Tun daga 2016, mai son yin gasa a shekararsa ta farko a rukuni na ɗaya sai ya kammala muhimman darussa 16 na sakandare, irin su Turanci da lissafi da kimiyya, da matsakaicin maki 2.3. Bugu da ƙari, da aka ga masu horarwa na jami'o'i sun shiga farautar yara 'yan shekara 13 da 14 suna yi musu alkawarin gurbi, sai hukumar ta yi doka ta musamman ga lakuros a shekarar 2017, wadda ta hana tuntuɓar ɗalibi kafin ranar 1 ga Satumba ta shekararsa ta biyun ƙarshe a sakandare. Manufar ita ce a bar yaro ya yi yarintarsa, ya mai da hankali ga littafinsa.

Akwai hikima a wannan tsanantawa. Ko a can ɗin, 'yan kaɗan ne ke cin abinci da lakuros, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasansa suna da wasu sana'o'in da suke riƙe da su. Ƙarfin jiki na ɗan lokaci ne, rauni guda a gwiwa na iya kawo ƙarshensa. Abin da ke bin mutum har tsufa shi ne ilimi, wanda Hausawa suka kira gishirin zaman duniya.

Sharaɗin ladabi

Wasan da aka ba samari sanduna aka ce su yi karo da juna ba zai yiwu ba sai da ladabi mai ƙarfi. Shi ya sa hukuncin laifi a lakuros yake faɗawa kan ƙungiya baki ɗaya. A wasan maza, wanda ya maka wa abokin karawa sanda, ko ya taɗe shi, ko ya zagi alƙalin wasa, za a fitar da shi na minti 1 zuwa 3, ƙungiyarsa ta ci gaba da wasa da giɓin mutum ɗaya. Ƙaramin laifi kuwa daƙiƙa 30 ne. Wanda manyan laifukansa suka taru suka kai minti 5, ya gama wasan ranar ke nan. A wasan mata, katin gargaɗi na fitar da yarinya na minti 2, na biyu ya fitar da ita har ƙarshen wasa, jan kati kuma ya haɗa da wasa na gaba. Yaron da ya ga 'yan uwansa suna wahala saboda fushinsa, ba ya buƙatar dogon wa'azi kafin ya koyi haɗiye fushi.

A wajen fili ma akwai sharuɗɗa. A makarantu da yawa, kafin a fara kakar wasa ana ba ɗalibi da iyayensa takardar alkawari su sa hannu. A ciki akan rubuta haramcin shan giya da ƙwaya da taba, da cin zalin sababbin shiga, da cin mutuncin wani a intanet. Wanda makaranta ta dakatar saboda rashin ɗa'a ba ya buga wasa, haka nan wanda bai zo aji ba a ranar gasa. Iyaye ma ana yi musu iyaka, domin uban da ya tsaya bakin fili yana zagin alƙali ana iya fitar da shi. Idan an tashi daga wasa kuma, ɓangarorin biyu kan yi layi su gaisa, wanda ya ci da wanda aka ci.

Adalci wajen hukunci

Sai dai horo idan babu bincike zalunci ne, kuma tarihin lakuros yana da misali mai ɗaci a kan haka. A watan Maris na 2006 wata mata ta zargi 'yan wasan lakuros na Jami'ar Duke da yi mata fyaɗe a wata liyafa. Kafin a gama bincike, aka soke sauran wasannin ƙungiyar na shekarar, mai horar da su ya rasa aikinsa, aka gurfanar da ɗalibai 3 a kotu, jaridu suka yi ta yayata sunayensu. A watan Afrilu na 2007 babban lauyan jihar North Carolina ya bayyana cewa ba su aikata laifin ba, daga baya kuma aka ƙwace lasisin lauyan gwamnatin da ya shigar da ƙarar. A shekarar 2024 matar da kanta ta fito ta ce ƙarya ta yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an riga an ɓata sunan bayin Allah. Darasin biyu ne: shugabanni su guji gaggawar yanke hukunci, matasa kuma su nisanci wuraren da zargi zai iya samun su, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da za mu iya ɗauka

Ya 'yan uwa, yaranmu ba lakuros suke yi ba, ƙwallon ƙafa suke yi, kuma yawancin ƙungiyoyinsu na unguwa ba su da wata alaƙa da makaranta. Wannan shi ne bambancinmu da waɗancan mutane, kuma nan ne ƙungiya irin tamu take da abin yi, tun da wurinmu ake zuwa neman kofi da riguna da ƙwallo duk lokacin da za a shirya gasa a gida. Wanda ya sayi kofi yana da ikon gindaya sharaɗi. Shawarwarina guda huɗu ne.

Na farko, duk gasar yara da za mu tallafa wa, a nemi kowane ɗan wasa ya kawo shaida daga shugaban makarantarsa, ta boko ko ta Islamiyya, ko daga maigidan da yake koyon sana'a a wurinsa, cewa yana zuwa kuma yana ƙoƙari. Na biyu, a rubuta ƙa'idojin da Hausa a takarda ɗaya, a karanta wa yara da iyayensu kafin a fara, kowa ya sa hannu, domin kada a hukunta yaro da dokar da bai sani ba. Na uku, dakatarwa ta zama gajera, kamar yadda mutanen Texas suka gano bayan shekara 11, kuma a haɗa ta da darasin ƙari daga malamanmu da ɗalibanmu na jami'a da ke zuwa hutu, ta yadda yaro zai ga hanyar dawowa a buɗe. Na huɗu, doka ta hau kan kowa daidai, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, gwanin cin ƙwallo da ɗan benci. Ranar da aka ɗaga wa gwani ƙafa saboda ana son cin kofi, ranar dokar ta mutu.

Kammalawa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Son wasa da ke zuciyar yaro dama ce a hannun manya, domin abin da yaro yake so shi ne zai yi wahala dominsa. Idan muka sanya karatu da ladabi suka zama ƙofar shiga fili, za mu samu 'yan wasa, mu kuma samu malamai da likitoci da magina da manoma masu tarbiyya da garinmu ke buƙata. Ina fatan kwamitin matasa da na ilimi za su zauna tare su duba waɗannan shawarwari kafin gasa ta gaba.

Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya ja zamanin iyayenmu, Ya ƙara haɗa kanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.