Ƙurar Hunturu da Darasin Teku

Shugaban reshe, iyayenmu a wannan aiki, 'yan uwa malamai na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, muna godiya da wannan dama.

Sau da yawa idan muka zo darasin teku sai mu ratsa shi da sauri, muna ganin ba ruwan ɗan Kano da shi. Akwai hujja a wannan tunani, domin ko ruwan Kogin Challawa ba ya isa teku. Kogin Haɗeja yake bi, ya shiga Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Amma ƙurar da ke lulluɓe mu da hunturu tana isa.

Kaso mai yawa na hazon nan yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. Iska ce ke ɗauko shi, ya ratsa ta kanmu, ya faɗa Tekun Atlantika. Binciken masanan hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa ƙura tan miliyan 182 ke barin Sahara zuwa yamma kowace shekara. A cikinta akwai sinadarin ƙarfe, shi ne ma yake ba ta wannan ja-ja.

To me teku zai yi da ƙarfe? Akwai wasu tsirrai ƙanana a saman ruwa waɗanda ido ba ya gani, su ne abincin farko na halittun teku, su ne kuma ke samar da kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa. Ba sa girma sai da ƙarfe, ga shi kuwa ruwan tsakiyar teku lita miliyan guda bai ƙunshi ko giram ɗaya ba. Wani masani ɗan Amurka, John Martin, ya yi hasashen cewa wannan ƙaranci ne ke hana su yaɗuwa a wurare da dama. A 1993, shekarar da ya rasu, aka zuba ƙarfe a teku kusa da tsibiran Galapagos, tsirran suka ƙaru. Yau shirin GEOTRACES na ƙasashe da yawa yana auna ƙarfe da tutiya da dalma a tekunan duniya.

Dalma kuwa mun san ta da baƙin ciki: ita ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Ga kuma dagwalon masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa. Yaron da ya gane cewa wani ƙarfen abinci ne, wani kuma guba, zai fara tambaya game da ruwan da yake sha.

Ba ma buƙatar ɗakin gwaji, wanda dama yawancinmu ba mu da shi. A ajiye farin faranti a tagar aji kwana uku cikin hunturu, a sa ƙusa mai tsatsa kusa da shi, yara su gwada launin. Daga nan sai taswira, sai kifin ƙanƙara da iyayensu ke saye a kasuwar Tarauni.

Roƙonmu ga reshe shi ne ya rubuta wa Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Legas, ya nemi hotuna da taswirori, ya kuma ware mana yini guda na bita kafin hunturu ya kama, don mu tsara darasin tare.