Siringeri: Garin da Silsilar Malamai Ta Raya



Yawancinmu a fim muka san Indiya. Yau ina so mu leƙa wani ƙaramin gari a jihar Karnataka, kudancin ƙasar, mai suna Siringeri. Yana tsakanin duwatsu masu duhun daji, a bakin kogin Tunga. Tambayata ita ce: me ya sa mabiya addinin Hindu ke niƙo gari daga nesa don ziyartar wannan wuri?

Amsar tana farawa da wani malami, Adi Shankara, ɗan ƙauyen Kaladi a Kerala, wanda akasarin masana ke cewa ya rayu wajen ƙarni na 8. Mabiyansa suna cewa shekara 32 kacal ya yi a duniya, amma ya zagaye Indiya yana muƙabala da malamai. Karantarwarsa, da ake kira Adbaita, tana cewa haƙiƙa ɗaya ce tak, kuma jahilci ne ke sa mutum ya ga ransa a ware da ita. A ruwayarsu, ya kafa gidajen ilimi da ibada huɗu a kusurwoyin ƙasar: Puri a gabas, Duwarka a yamma, Joshimat a arewa, sai Siringeri a kudu.

Suna da labarin dalilin zaɓen wurin. Wai da ya iso bakin Tunga, sai ya ga kumurci ya fasa kai yana yi wa wata kwaɗuwa mai naƙuda inuwa daga zafin rana. Ya ce inda maciji ke tausayin abincinsa, nan ya dace a zauna a yi karatu. Har yau masu ziyara suna sauka bakin kogin su ciyar da manyan kifaye, ba mai kama su.

Shankara ya keɓe wurin ga Sharada, wadda Hindu ke bauta wa a matsayin uwar ilimi. Shi ya sa iyaye ke kawo yara ƙanana a fara musu rubutun farko a can, kuma garin ke cika maƙil lokacin bikin Nabaratiri na dare tara.

Amma a ganina, jijiyar Siringeri tana cikin silsila. Shugaban gidan ba ya aure, balle ɗa ya gaje shi. Shi ke zaɓen almajiri, ya rene shi, ya ɗora shi. Sun ƙidaya daga Sureshwara, almajirin Shankara, har zuwa Barati Tirta, na 36, wanda ya hau a 1989, ya kuma ayyana magajinsa a 2015. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji ana cewa wane ya karɓa daga wane, zai gane nauyin wannan a zuciyar mabiyi, ko da aƙida ta sha bamban. Mai ziyara yana zuwa ne ya ga malami rayayye wanda karatunsa ke da asali.

Sarakuna ma sun gane haka. A ƙarni na 14, lokacin malam Bidyaranya, gidan ya ƙulla alaƙa da daular Bijayanagara, kuma akwai rubutun dutse na 1346 da ke nuna kyautar filaye daga sarkin daular, Harihara, da 'yan'uwansa. Ana danganta wa wannan zamani ɗakin bautar Bidyashankara, mai ginshiƙai 12 ɗauke da alamun buruji 12.

Ga abin da ya fi jan hankalina. A 1791, mahaya daga rundunar Marata, waɗanda su ma a ƙarƙashin sarakunan Hindu suke, suka afka wa Siringeri, suka kashe mutane, suka wawashe dukiya. Shugaban gidan ya kai kuka wurin wa? Wurin Tipu Sultan, sarkin Maisur, Musulmi. Tipu ya aika da kuɗi da kaya don a gyara ɓarnar. An gano wasiƙunsa da harshen Kannada a 1916. Masana na jayayya kan Tipu, domin ana zarginsa da gallaza wa wasu al'ummomi a Malabar da Kodagu, wasu kuma na cewa siyasa ce ta sa shi taimakon. To, ko siyasar ce, ta nuna cewa sarki mai bindiga ya san ba zai riƙe talakawansa ba in ya wofintar da malamin da suke girmamawa.

Daular Bijayanagara ta zama kufai, gadon Tipu ya faɗi a 1799, ikon Marata ya shuɗe. Makarantar Siringeri kuwa, yau ma da asuba yara na haddar Beda, littattafan Hindu masu tsarki, a cikinta. Ku ɗalibai masu nazarin addinai, in kun ga gari mai alfarma, kada ku tsaya kan gini. Ku tambayi wa ke karantarwa, kuma a hannun wa ya karɓa.