Mawaƙan Ƙasar Sin Na Dā Da Wahalar Da Ta Haifi Baitocinsu

An ba mu ɗan lokaci mu yi bayani a kan waɗansu mawaƙa na ƙasar Sin. In mun ce mawaƙa, muna nufin masu rubutacciyar waƙa, malamai ne masu alƙalami, yawancinsu ma ma'aikatan sarki ne. Har gobe yaran makaranta a can suna haddace baitocinsu, manya kuma suna rubuta su da kyakkyawan hannu su rataya a bango don ƙarfafa zuciya. To, a wane hali aka rubuta waɗannan baitoci? Mutum biyu za mu ɗauka.

Na farko shi ne Du Fu, wanda aka haifa a shekarar 712, zamanin daular Tang. A wancan lokaci, babbar hanyar samun muƙami ita ce cin jarrabawar aikin sarki, wadda har waƙa ake sa mutum ya rubuta a ciki. Ku ji abin mamaki: mutumin da Sinawa da yawa ke ɗauka a matsayin babban mawaƙinsu, faɗuwa ya yi. Ya shafe shekaru a babban birni Chang'an yana neman aiki. Da ƙyar ya sami ɗan ƙaramin muƙami a 755, ya tafi ganin iyalinsa a ƙauye, sai ya tarar yunwa ta kashe masa ƙaramin ɗansa. A wannan shekara ce kuma wani babban hafsan soja mai suna An Lushan ya yi tawaye, ƙasa ta yamutse. 'Yan tawaye suka kama Du Fu, sai a 757 ya kuɓuta.

Daga baya ya ajiye aiki, ya kwashi iyali zuwa Chengdu, inda ya gina bukkar ciyawa a 760. Shekara na zagayowa guguwa ta yaye rufin, yaran unguwa suka kwashe ciyawar suka ranta a na kare, ruwa ya kwana yana zuba a kan shimfiɗa. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya mai yoyo da damina ba sai an yi masa dogon bayani ba. A kan wannan dare ya yi waƙarsa da ta shahara. Ya faɗi baƙin cikinsa, bai ɓoye ba, har da takaicin yaran nan. Amma a ƙarshe burin da ya bayyana shi ne a sami katafaren gida da zai rufa wa dukan matalautan malamai asiri, ko da shi sanyi zai kashe shi a tasa bukkar. Ya rasu a 770 a cikin jirgin ruwa, bai koma garinsu ba. Waƙoƙinsa fiye da 1,400 sun tsira, wurin bukkar kuwa yanzu gidan tarihi ne.

Amininsa Li Bai, da suka haɗu a 744, shi ne mai gajeriyar waƙar nan ta baƙon da ya ga farin wata da dare ya tuna gida. Shi sai an ware masa tasa rana.

Na biyu, wanda mu dai ya fi kwanta mana a rai, shi ne Su Shi. An haife shi a 1037, zamanin daular Song. Shi ya ci jarrabawar, a 1057, tare da ƙanensa Su Zhe, ya kuma riƙe manyan muƙamai. Alƙalaminsa ne ya ja masa. Bai yarda da sababbin tsare-tsaren waziri Wang Anshi ba, yana ganin sun takura wa talakawa. A 1079 maƙiyansa suka tattara waƙoƙinsa suka ce habaici yake yi wa gwamnati. Aka tsare shi fiye da kwana 100, har ya fid da rai, sannan aka kore shi zuwa Huangzhou da muƙami na jeka-na-yi-ka. Me ya yi? Ya sami wata saura a gangaren gabas, ya kama fartanya. Daga nan ya laƙaba wa kansa suna Dongpo, wato Gangaren Gabas, sunan da aka fi saninsa da shi har yau. A wannan zaman kora, a 1082, ya rubuta waƙar da ke ba da labarin ranar da ruwa ya tare su a hanya ba laima, abokan tafiya duk suka rikice, shi kuwa ya ci gaba da takawa a hankali da sandarsa.

Da iska ta juya aka dawo da shi aiki. Yana gwamnan Hangzhou, a 1090 ya sa aka yashe Tafkin Yamma, aka yi hanya da laka da ciyawar da aka kwaso. Hanyar tana nan, da sunansa ake kiranta. Sai iska ta sāke juyawa. A 1094 aka kore shi zuwa Huizhou, a 1097 kuma, yana da shekara 60, aka tura shi can tsibirin Hainan, wurin da mutanen fada ke gani kamar ƙarshen duniya ne. Ko gidan gwamnati da ya sauka sai da aka fitar da shi. Mutanen gari ne suka taya shi gina bukka, shi kuma ya zauna yana karantar da 'ya'yansu. Mu da ke zaune nesa da garuruwanmu na asali, wannan gaɓa ta zama da masu masauki ta isa mu yi mata kallo na biyu.

A 1100 aka yi masa afuwa. Ya kamo hanyar arewa, ciwo ya kama shi, ya rasu a Changzhou a 1101.

Nan za mu dakata.