Ɗanyen Kayan Ciki Da Zawon Kwikwiyo

(Wannan shi ne jawabin da wani malamin dabbobi ya gabatar wa makiyaya da fataken shanu a birnin Injamena, ƙasar Chadi. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa.)



Da aka ce yau a kan kwikwiyo zan yi magana, na san akwai wanda ya ce a ransa, ga maganar burtali, ga ta mashaya, ga ta kuɗin da ake karɓa a hanya, me ya kai mu ga ɗan kare? To, ku yi mini haƙuri kaɗan. Duk wanda ya taɓa kwana a mashekari ya san ranar kare, don shi ne ba ya barci in kura ko dila ko ɓarawo na zagayen garke, kuma malamanmu sun halatta ajiye shi saboda tsaron dabbobi. Karen da zai yi wannan aiki kuwa sai ya tsallake watanni huɗu na farko, kuma yawancin waɗanda ba su tsallakewa ciki ne ke kashe su. Bayan wannan, abin da muka jefa wa kwikwiyo ɗanye ba a cikinsa yake tsayawa ba, yakan zagayo ya dawo wa tumakinmu da 'ya'yanmu.

Kwanakin baya wani dattijo ya kawo mini kwikwiyo ɗan sati shida a cikin buhu. Uwar ta mutu ta bar su biyu. Don tausayi, sai ya riƙa cika musu ƙwarya da madara safe da yamma, in ya shigo gari kuma ya roƙo musu hanji da guntun huhu a wurin mahauta. Kwana uku suna zawo. Ɗayan ya yi masa allurar sammore ta shanu, washegari ya mutu yana sanƙarewa. Na biyun ne ya kawo, idanu sun faɗa, fata ta manne da ƙashi. Wannan ya rayu, kuma ba wani magani mai tsada ne ya tashe shi ba, ruwa ne da gishiri da sukari da kunu, sai maganin tsutsa. Dattijon nan bai yi sakaci ba, kyautatawa ya yi niyya. Abin da bai sani ba shi ne cikin kwikwiyo ba cikin babban kare ba ne, ba kuma cikin maraƙi ba ne.

Mu fara da madara, tunda ita ce muka fi yawa da ita. Nonon karya ya fi madarar saniya kauri nesa ba kusa ba, sinadarin gina jiki da ke cikinsa ya kai ninki biyu, amma sukarinsa bai kai na madarar saniya ba. Idan ka cika wa kwikwiyo ciki da ɗanyar madara, sukarin nan yakan fi ƙarfin hanjinsa, sai ya jawo ruwa, sai zawo. Kindirmo ko nono mai tsami ya fi masa sauƙi, domin tsamin ya riga ya cinye wani kashi na sukarin. In maraya ne ƙarami, a tafasa madara, a kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Daga sati uku zuwa huɗu zai fara lasar kunu, a yaye shi a sati bakwai ko takwas. Daga nan sau huɗu a yini ya kamata ya ci har ya kai wata uku, ba a tara masa sau ɗaya ya cika ciki kamar ganga ba. Kowane sabon abinci kuma a shigar da shi a hankali cikin mako guda. Sauyin dare ɗaya, yau tuwo gobe tumbi, shi kaɗai ya isa ya ɓata masa ciki.

Sai nama. Na san abin da za ku ce: kura da dila wa yake dafa musu? Wani yaro ma ya nuna mini a wayarsa cewa Turawa yanzu ɗanyen nama suke ba karnukansu. Gaskiya ne. Tun da wani likitan dabbobi a Ostireliya ya fitar da littafi a kan haka a 1993 abin ya zama yayi a Turai da Amurka. Amma su naman da likita ya duba ne, daga firji zuwa kwano, kuma duk da haka ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fito a 2012 ta ce ba ta goyon bayan abin, saboda ƙwayoyin cutar da ke kama karen da masu shi. Mu fa? A watan Afrilu zafin Injamena yana wuce digiri 40. Hanjin da aka yanka da asuba, aka ƙulle a leda, aka kai ruga da la'asar, ya riga ya zama gidan cuta. Babban kare yana iya ci ya kwana lafiya, ba na musu. Kwikwiyon da garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba, shi ba zai iya ba. Kura kuwa ba wanda ya ƙirga 'ya'yanta nawa ke mutuwa a rami.

Haka nan wanda ya ce zai yi wa kwikwiyonsa gata da tsoka zalla ko hanta zalla, cutarsa ya yi. Tsoka ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi, shi ya sa za ka ga ɗan kare mai ƙiba amma ƙafafu sun gwame. Hanta in ta yi yawa ita ma zawo take sawa. Abin da ya fi shi ne tuwo ko kunun gero ko dafaffiyar shinkafa, a haɗa da dafaffen nama ko kifi ko ƙwai, a ɗan zuba nono, a daka ɓawon ƙwai ya yi laushi a barbaɗa kaɗan. Ban da miya mai albasa da yaji, albasa tana lalata jinin kare. Ban da dafaffen ƙashin kaza ko ƙayar kifi.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihunku. 'Yan kara da mahauta, kun sha ganin huhu ko hantar raƙumi ko saniya ko tunkiya da wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki. Malamin duba nama ya ce ba za a sayar ba, sai a yanke wurin a wurga wa kare. To, wannan jaka mai ruwa cike take da 'ya'yan wata irin tsila. Kare ya ci, su manne a hanjinsa, su girma. Tsilar ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ba za ka lura da ita ba, karen ma ba zai nuna ciwo ba. Bayan kamar sati shida sai ya fara zubar da ƙwai a kashinsa, a kan ciyawa da bakin rijiya. Dabba ta ci, jakar ta sake fitowa a huhunta. Yaron da ke wasa da kwikwiyo ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ma tana iya fito masa a hanta, ta yi shekaru tana girma, wani lokaci sai an yi masa tiyata. Akwai 'yar'uwarta da ke zama a ƙwaƙwalwar tunkiya da akuya, ita ce ke sa dabba ta riƙa juyawa wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Muka yanka ta, muka ba kare kan, mun shuka wa garken baɗi ke nan. Haka ɗan tayin da saniya ta zubar da mahaifarsa, kare ya ja su cikin ruga ya baza bakkale. Mushen da ya faɗi farat ɗaya kuwa, jini na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe shi ma, balle kare ya kusance shi, a kira malamin dabbobi, don yana iya zama ciwon saifa.

Mu a nan Chadi muna da wani dalili da yawancin ƙasashe ba su da shi, wato kurkunu. Dattawa sun san shi. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da shi a duniya kowace shekara. An yaƙe shi har Nijeriya da Nijar suka sami takardar shaidar rabuwa da shi a 2013. Chadi ta yi kusan shekara goma ba a ba da rahotonsa ba, sai ga shi ya ɓullo a 2010 a jikin mutum goma. Da aka bi sawu, a 2012 sai aka tarar da shi a jikin karnuka 27 a garuruwan bakin kogin Shari. A 2016 sun haura dubu, a 2019 sun wuce 1,900. Masu bincike sun lura cewa abin ya fi yawa a inda ake su. Ƙananan ƙwarin ruwa ne ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, ƙananan kifaye su haɗiye su, masunta su feɗe kifi su watsar da kayan cikin, kare ya cinye ɗanye, ko kuma ya sha daga kududdufin da ƙwarin suke. Bayan wata goma zuwa goma sha huɗu sai farar tsutsa kamar zare ta huda masa ƙafa. Ya shiga ruwa don ya ji sanyi, ta zuba dubban 'ya'ya a tabkin da mu da shanunmu muke sha. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya.

Ma'aikatar lafiya tare da Cibiyar Carter suka sa mutane binne kayan cikin kifi da ɗaure karnuka. A 2015 aka fara ba da tukuicin sefa 10,000 ga wanda ya ba da rahoton karensa mai kurkunu ya kuma ɗaure shi. Abin ya yi amfani, don a 2022 karnukan da suka kamu sun sauko ƙasa da 600. Amma a 2023, cikin mutum 14 da suka kamu a duk duniya, 9 a Chadi suke. Ku da kuke gangarawa da rani ta Mandeliya da Gelendeng da Buso har Sar, kuna sauka kusa da masunta, kwikwiyon da kuka bari ya yi kiwo a bakin ruwa bana, baɗi a wani tabkin daban zai sauke kayansa, wataƙila a garinku. Shi ya sa nake cewa komai daga ruwa ya fito, kifi ne ko kwaɗo, a dafa shi ko a binne shi da zurfi. Tukunya ɗaya ta ruwan zafi da ɗan itace ita ce duk kuɗin abin.

To, in zawon ya riga ya zo fa? Ka fara duba shi. Idan yana wasa, yana neman abinci, ba jini ba amai, to a gida ma za ka iya. Janye madara da nama da duk wani maiƙo. Kada ka hana shi ci yini guda kamar yadda ake yi wa babban kare, domin ƙaramin kwikwiyo in ya daɗe bai ci ba sai ya some. Ba shi kunun shinkafa ko na gero mai ruwa-ruwa da ɗan dafaffen nama marar kitse, loma kaɗan bayan kowace awa uku. Ruwa shi ne babban magani: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokali na gishiri, irin dai wanda ake yi wa yara. A ɗiga masa ta gefen baki da sirinji marar allura, a hankali kada ya shaƙe. Ka riƙa jan fatar wuyansa kana saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tsaye, ko dasashinsa ya bushe ya yi fari, ruwan jikinsa ya ƙare, sai likita.

Haka kuma in zawon ya wuce kwana biyu, ko ya zo da amai ba tsayawa, ko da jini mai ƙarni ƙwarai, kwikwiyon ya kwanta ya ƙi ci, kada ka jira. Sau da yawa wannan cutar fabo ce, wadda ta bazu a duniya tun 1978, kuma cikin kwana biyu ko uku take kashewa. A ware shi daga sauran, a binne kashinsa, a wanke kwanonsa da jabel, don ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Tana da rigakafi, ana farawa daga sati shida zuwa takwas, a maimaita har ya kai wata huɗu.

Abin da na fi roƙonku shi ne ku rufe jakar maganin shanu. Maganin sammore irin su Berenil, ɗan ƙari kaɗan yake taɓa ƙwaƙwalwar kare ya kashe shi. Maganin ciwon kai da ciwon jiki na mutane guba ne gare shi. Kwikwiyo mai kilo biyu ba za a auna masa magani da idon da ake auna wa bijimi mai kilo ɗari uku ba. Wanda yake bukata da gaske shi ne maganin tsutsa, don yawancinsu da tsutsa ake haifarsu, daga uwa suke ɗauka, shi ne za ka ga ciki ƙato gashi a tsaye. A fara tun yana sati biyu, a maimaita bayan kowane sati biyu har ya kai wata uku. Na tsila daban ne, sunansa farazikwantel, kuma karen da ke bin garke ya kamata ya riƙa samu a kai a kai. Kwana biyu bayan ya sha, a ɗaure shi a binne kashinsa.

In ya cika wata uku kuma a yi masa allurar haukan kare. A 2012 da 2013 an yi wa fiye da kashi 70 cikin ɗari na karnukan Injamena wannan allura, tare da cibiyar binciken dabbobi ta Farsha, har aka yi watanni ba a ga mahaukacin kare a birnin ba. Da ciwon ya dawo, masu binciken sun ce daga wajen gari ya shigo, kuma mu ne muke shige da fice da karnuka tsakanin daji da gari.

Shugaban taro, na ga lokaci ya tafi. Wanda ya zo da kwikwiyo, ko ya bar shi a zango nan kusa, ya kawo shi bayan la'asar, na zo da ma'auni da maganin tsutsa. Mai tambaya kuma bismilla.