Kifi Da Sabon Ruwa: Jawabi Ga Taron Ɗalibai



Bara da muka dawo daga dogon hutu, muka iske ruwan akwatin gilashin da muke kiwon kifi a ciki ya yi dauɗa. Don tausayi muka zubar da shi kaf, muka cika da ruwan famfo garau. Kafin gari ya waye kifayen duk sun juya ciki sama. Garin neman gira muka rasa ido, kuma dalilin wannan hasara shi ne abin da muka zo da shi yau.

Kowace uwargida ta san kanwa tana kashe tsami. To, ma'aunin da ake kira pH, wanda Sorensen, masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, ya fito da shi a 1909, shi ke nuna inda ruwa ya karkata tsakanin waɗannan biyu. Daga 0 yake zuwa 14. 7 ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Abin lura shi ne, kowane mataki ninki goma ne: ruwa mai 6 ya fi mai 7 tsami sau goma.

Kifi yana fitar da amoniya, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin matatar ruwa su sarrafa ta. Wannan aiki yana haifar da tsami, yana kuma cinye sinadarin kabonet wanda ke riƙe ma'aunin kada ya faɗi. Saboda haka tsohon ruwa yakan yi ta tsami a hankali, kifi yana sabawa da shi. A cikin tsamin nan amoniya ba ta da ƙarfin dafi sosai, amma da zarar an kwarara sabon ruwa ma'aunin ya yi tsalle sama, sai wadda ta rage ta koma guba, jikin kifi kuma ya kasa jure canjin.

Mene ne magani? Mu riƙa canza kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kowane mako. Mu bar sabon ruwa ya kwana a bokiti, mu sa maganin kashe kulorin, mu auna tsoho da sabo, mu daidaita ɗuminsu, sa'an nan mu zuba kaɗan-kaɗan. Matata kuwa, da ruwan da muka ɗebe za a wanke ta, don ruwan famfo yana kashe bakteriyar. Kada kuma wani ya ce zai jefa kanwa don gyara. Wannan gaggawa ce irin tamu ta bara.

Ma'auni tsayayye ya fi wa kifi alheri bisa ga wanda ake ta bi da magani yau sama gobe ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa. Nan za mu dasa aya.