Jeka-ka-dawo ko Kwana a Makaranta: Jawabi a Taron Reshen Bagudo



An ba ni mintoci kaɗan in yi magana a kan tambayar da ke zuwa gidan kowane malami da zarar sunan ɗansa ya fito a babbar makaranta: ya kama gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ya riƙa zuwa daga gida?

Mutumin Birnin Kebbi yana da zaɓi. Ɗansa zai karya kumallo a gida, ya hau kabu-kabu zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko ya shiga mota zuwa jami'ar tarayya da ke Kalgo, ya dawo kafin magariba. Mu ba haka muke ba. Ɗan Illo ko Lolo ko Tsamiya sai ya haye Kwara ta gadar Tuga, ya yi ta tafiya har ya wuce Birnin Kebbi, kafin ya ga ƙofar Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Wasu ƙauyukanmu sun fi kusa da Segbana ta ƙasar Benin a kan kowace kwaleji ta jiharmu. Saboda haka abin da muke kira jeka-ka-dawo a nan, a gaskiya ɗayan biyu ne: ko yaro ya raɓe a gidan dangi a birni, ko ya yini uku a makaranta yana kwana ɗakin aboki, sauran mako yana gida.

Wannan na biyun ne ya fi damuna. Uba yana ganin ya tsira daga kuɗin gado, alhali kuɗin mota ya cinye ninkinsa. Tun hanin kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a 2019 muka san tsadar mai, sannan aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Ga kuma asarar da ba a rubuta ta a takarda. Malamin kwaleji yakan ɗaga lacca zuwa Asabar, ko ya sa gwaji da ƙarfe takwas na safe, labarin ya zaga ɗakunan kwana cikin dare, wanda ke Bagudo bai ji ba. Idan damina ta yi nisa, ya iso gida ya tarar da aikin shinkafa a fadama, wace uwa ce za ta ce ya zauna ya buɗe littafi? Ƙarshenta a ce yana da kwasa-kwasan da zai maimaita, NCE ta shekara uku ta koma huɗu.

Batun 'ya'ya mata ya fi nauyi. Na san gidajen da aka ce yarinya ba za ta kwana a makaranta ba, kuma ba dangi a Argungu, sai takardar shiga ta tsufa a cikin akwati. Ban raina tsoron iyaye ba. Amma ɗakin kwana mai mai gadi da lokacin rufe ƙofa ya fi mini kwanciyar hankali a kan tasha da motar dare. Mu ne kuma muke kukan ƙarancin malamai mata a makarantunmu na ƙauye.

Malamin da ke bakin aiki, mai iyali da aji, shi kam karatun ƙarshen mako na NTI ya dace da shi, ba da shi nake ba.

Ga roƙona ga reshe. A rubuta wa takwarorinmu na Argungu da Birnin Kebbi da Aliero, a samo sunayen malamai masu iyali da za su tsaya wa 'ya'yanmu a matsayin waliyyai. Asusun adashenmu ya riƙa ba da rancen kuɗin gado a farkon zango, a cire sannu a hankali daga albashi. A kuma sa mutum ɗaya ya taya yara cike takardar rancen NELFUND ta intanet. Ina so sakatare ya sa waɗannan a ajandar zama mai zuwa, kafin a fara rajista.