Maganin SIDA ba ya son fashi

Jama'ar Aderbissinat, a 1987 aka fara gano SIDA a Nijar, tun 2004 kuma ake ba da maganinta kyauta. Sai dai maganin danne ƙwayar cutar yake yi, ba ya kashe ta. Makiyayi mai tafiya Ingal da damina, ko direban hanyar Agadas zuwa Damagaram, in ya ji sauƙi ya bar sha, cutar takan farfaɗo, wani zubin har ta daina jin magani. Wanda ya dage kullum, har awo ya kasa ganin ƙwayar a jininsa, ba ya sa wa matarsa. Saboda haka, a nemi guzurin magani wajen likita kafin tafiya. Dangi kuma su bar tsangwama, domin kunya ke raba majinyaci da maganinsa.